Rakiyar Gindin Tsamiya

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Masu turo min saƙo kuna cewa in yi haƙuri, wai mace ba ta da kayan ado irin haƙuri, na ga saƙonku, na kuma gode. Ku karanta wannan tukuna, sannan ku dawo ku gaya min wane irin haƙuri ne ya rage ban yi ba.

Wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Zakiyya, shekarata ashirin da bakwai, haifaffiyar Takur a cikin Dutse. Na yi digirina, ina aiki a sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Gwaggo Hindatu, yayar Abbanmu, har gobe idan aka tambaye ta aikina cewa take, "Yawon ƙauye take yi, gwamnati tana biyan ta." Na daina gyara mata.

Akwai wani ƙauye, tafiyar minti arba'in a kan babur daga Dutse. Zan kira shi Garin Lado, don ba zan faɗi sunansa na gaskiya ba. Bara da kaka shanu suka faɗa gonar riɗi. Aka yi cacar baki, aka zaro sanduna, aka ƙone bukkoki huɗu a ruga, aka sari wani saurayin cikin gari a kafaɗa. Hukuma ta zo, aka yi zaman sulhu, aka ɗauki hoto ana musabaha, kowa ya koma gida da fushinsa. Abin da ba wanda ya tuna ya sa a takardar sulhun shi ne makaranta. Firamare ɗaya ce tak, tana bayan gari, kuma yaran ruga ba su da hanyar zuwa sai burtali, hanyar shanun nan da ta ratsa tsakiyar gonaki. Sati biyu da sulhu wani ya laɓe a cikin dawa ya jefi wata 'yar aji shida mai suna Khaulat, dutsen ya fasa mata gira. Tun daga ranar Arɗon rugar ya rantse ba ɗan rugar da zai sake taka burtalin nan da jakar makaranta.

Yara arba'in da ɗaya, masu karatu. Suka zauna a gida.

Wata bakwai ina sintiri tsakanin gari da ruga. Na zauna a tabarma tun hantsi har azahar ina jiran dattijo ya gama abin da yake yi, ya fito ya ce min in dawo wani satin. Mutanen gari suka ce 'yar koren Fulani ce ni. Mutanen ruga suka ce gwamnati ce ta turo ni ƙirga shanu. Babur ya kayar da ni sau biyu a yashi, tabon yana nan a gwiwata. Na yi baƙi, na rame, Gwaggo ta ce idan na ci gaba ranar biki sai an haska fitila kafin a gane amarya. Ban fasa ba. Ni ba a koya min fara abu in ajiye ba.

A ƙarshe muka tsayar da magana ɗaya, muka sa mata suna rakiya. Kowace safiya yara za su taru a gindin wata tsamiya da ke bakin burtali, iyaye mata su sa su a tsakiya, namiji ɗaya daga ruga ya tsaya a baya, ɗaya daga gari ya shiga gaba. Arɗo ya kafa sharaɗinsa, bai kuma yi min rufa-rufa ba.

"'Yata, na gaban nan dole ya fito daga gidan Mai Unguwa. Wanda zai jefi jikata, ya fara jifan jininsa."

Mai Unguwar kuwa shi ne Baffa Gwadabe, ƙanin mahaifin Abdulrauf. To, ga inda zancen ya shigo gida.

Abdulrauf shi ne wanda zan aura. Shekara biyu yana zuwa wurina. A sakatariya yake aiki, gidansu yana Yalwawa, amma asalinsu 'yan Garin Lado ne. Dogo ne, mai tsafta har ta yi yawa, irin mazan da ke goge takalmi da hankici kafin su shiga mota. Gimbiya yake kira na. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa, kuma shi ya fara kai ni gaban Baffa ya ce, "Ga surukarku, a saurare ta." Baffa bai so ba, samarin gari suna ta zuga shi, amma kunyar surukuta ta sa ya amsa.

Ranar Alhamis muka yi gwaji ba tare da yara ba, mu da iyaye mata, Baffa a gaba yana ta cin magani, Malam Bubayero ɗan Arɗo a baya. Malam Bubayero malami ne, shi ke koyar da ƙananan yara a ƙarƙashin rumfa a ruga, shi ne kuma mai waya da rubutu a gidan Arɗo. Muka je, muka dawo, ko tari ba wanda ya yi mana. Aka tsayar da Litinin, don ita ce ranar ƙarshe ta ɗaukar hoto da rajistar jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. 'Yan aji shida goma sha ɗaya ne a rugar, tara mata. Wanda bai zo da kansa ranar ba, shekara ta wuce shi. Ni kuma na san yarinyar ruga idan shekara ta wuce ta, ba ta cika dawowa ba.

Juma'a da rana Murja ta zo, ƙanwar Abdulrauf, da ledar samfurin atamfa wai in zaɓi ankon ƙawaye. Ta sha doguwar riga baƙa mai duwatsu, ta yafa ɗan mayafin da bai rufe komai ba, ƙamshinta ya riga ta shigowa.

"Amaryarmu, kin ga yadda kika koma kuwa? Wallahi sai an yi miki dilka ta wata guda."

"A yi ta wata biyu ma. Zauna in kawo miki ruwa."

Na bar wayata a caji a kan hannun kujera, na shiga kicin in juye mata zoɓo in sauke dafa-dukar da na ɗora. Ban yi minti biyar ba. Da na fito tana tsaye, jaka a kafaɗa.

"Ina zuwa kuma? Ga abinci."

"Na tuna Hajiya ta aike ni. Sai mun yi waya."

Ko ledar atamfar ba ta ɗauka ba. Na duba wayata, na ga saƙo ya shigo yana nan a kan fuskarta:

"Rakiyar jiya ta yi daɗi, har yanzu ana maganarta a gida. Litinin ina jiran ki gindin tsamiya ƙarfe bakwai. Baba ya amince."

Na yi murmushi na ce alhamdu lillahi, Arɗo ya ba da yaran. Wallahi iyakar abin da na gani a saƙon ke nan. Ku da kuka karanta yanzu, na san abin da kuka gani, don duk wadda aka taɓa zuwa zance wurinta ta san mece ce rakiya. Murja ma shi ta gani. Ta ɗauki hoton saƙon da wayarta, kafin la'asar yana cikin guruf ɗin danginsu na Wasaf, mutum saba'in da wani abu, daga Yalwawa har Garin Lado.

Asabar bayan la'asar Abdulrauf ya zo. Bai yi hon ɗin da ya saba ba. Na sa leshina ruwan zuma, na fesa turare, na ɗauki tire na same shi a falon baƙi yana zaune a bakin kujera kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Ranka ya daɗe, yau ko murmushi babu?"

Ya miƙo min wayarsa. "Wane ne Bubayero?"

Na karanta. Sai da na karanta sau biyu kafin na ga abin da suke gani, dariya ta ƙwace min har na dafa bango.

"Au, dariya ma na ba ki?"

"Yi haƙuri. Malam Bubayero ne fa, ɗan Arɗo. Matarsa ce ta ba ni man shanun da ka ce ka ji daɗinsa a wake da shinkafa."

"Malam? Ina Malam ɗin a nan? Mai yi miki facin taya ma Malam Sani kika rubuta a wayarki. Wannan kuwa sunansa tsirara."

"Yadda yake a takardar ofis na kwafe shi."

"Zakiyya, shekara biyu ina zuwa gidan nan, rakiyata ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. Ki ce min sauro, ki ce min Abba zai fito. Shi kuma har gindin tsamiya. Har babansa ya amince!"

A nan dariyar ta tsaya min. Na ajiye tiren a hankali don kada in yi jifa da shi.

"Sau nawa na ba ka labarin rakiya a kan kujerar nan?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Tun kafin azumi nake gaya maka. Na gaya maka sunan yarinyar da aka fasa wa gira. Kana danna waya kana cewa ma sha Allah, gimbiya, Allah ya taimaka. Ashe ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Baffanka fa shi ne a gaba ranar Alhamis, ka tambaye shi mana!"

"An tambaye shi."

"Ya ce me?"

Ya kawar da kai. "Ya ce shi yana gaba, bai san abin da ake yi a baya ba. Ya ce ashe rakiya biyu ake yi, ta yara da ta manya."

Masu karatu, an taɓa watsa muku ruwan zafi a fuska kuna tsaye da kwalliyarku? Dattijon da na durƙusa wa sau ba adadi, na kai masa goro da hannuna, shi ne ya faɗi haka a kaina. Na gane nan take ba yarda ya yi da zancen ba. Ƙofar fita yake nema tun farko, Murja ta buɗe masa, ya bi ta kan mutuncina ya fice.

"To yanzu me kake so?"

"Ni ban ce kin yi wani abu ba."

"Ba ka kuma ce ban yi ba."

"Magana ta riga ta fita. Su Alhajinmu sun ce abu ɗaya ne zai kashe ta, ki ajiye aikin nan. Litinin da hantsi za su zo wurin Abba, har da Baffa. Idan kin rubuta takardar ajiye aiki, a sa rana a wurin."

"Litinin? Baffa zai zo Dutse ranar Litinin? Wa zai shiga gaban yaran?"

"Ke ta yaran wasu kike yi, ana maganar aurenki?"

Na ɗauki tirena. Ranar ko bakin ƙofar ma bai samu ba.

Lahadi Gwaggo Hindatu ta sauka daga adaidaita tun kafin mu karya, da carbinta da ƙullin kayanta, alamar kwana ta zo yi. Ta zauna a tsakar gida ta miƙe ƙafa.

"Ai na faɗa! Na ce yawon nan ba zai ƙare lafiya ba. 'Ya mace da digirinta, ga ofis mai fanka, sai ta zaɓi bin bayan shanu. Ke ce gwamna? Ke ce soja? Idan suka kashe junansu ke za a tambaya?"

"Gwaggo, yara ne za su rasa jarrabawa."

"Ke kuma za ki rasa miji! Ashirin da bakwai fa, ba sha bakwai ba. Ƙawayenki har sun fara kai nasu yaran makaranta, ke kina raka na wasu. Ki rubuta musu takardar nan, in kin shiga ɗaki kya lallaɓa shi ki koma."

"In na rubuta, na amsa laifin ke nan."

"Ki amsa mana! Amsawa tana kisa ne?"

Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona min rai a duk kwanakin. Ba wanda ya tsaya tambayar ko gaskiya ne. Kowa ya san ƙarya ce, amma ni ake so in sunkuya in share da mayafina, don wadda ta leƙa wayar da ba tata ba ƙanwar miji ce, wanda ya yi ƙazafin kuma dattijo ne.

Abba yana kan kujerarsa ta roba a inuwar darbejiya, rediyo a cinya. Tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin da biyar yana riƙe alli, ba ya son hayaniya. Na je na durƙusa a gabansa.

"Abba, me ka ce?"

Ya daɗe yana murɗa rediyon da ba a kunne yake ba.

"Na san 'yar da na haifa. Amma baƙi za su zo gidana gobe, kuma yaron nan kina son sa, kada ki ce min a'a. Ban hana ki fita ba, ban kuma ce ki fita ba. Ki yi abin da za ki iya tsayawa a kansa."

Umma kuwa a kicin ta yini. Na kira Baffa sau shida bai ɗauka ba. Na fara rubuta wa Malam Bubayero saƙo in gaya masa a ɗage, na goge. In ce masa me? In ce mutanen da ke kiran kansu wayayyu sun karanta godiyarsa sun ga alfasha? Na kuma san halin Arɗo, idan aka ɗage sau ɗaya an gama.

Da asuba na buɗe ƙofar ɗakina, sai ga takalmina na roba, wanda nake shiga ƙauye da shi, an wanke shi tas an jingine a bakin ƙofa. Kusa da shi ƙosai ne a leda da ɗumi. Umma tana kan sallaya, ta juya min baya, ba ta waiwayo ba. Na sa tsohuwar atamfata, na zura hijabi ruwan ƙasa, na ɗora rigar aiki a kai. Gwaggo tana minshari na wuce.

An yi ruwa kafin wayewar gari, hanya duk ta jiƙe. Bakwai saura na isa, kuma tun daga nesa na hango su. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Yara arba'in da ɗaya a jere, rigunan makarantar sun ɗage musu don wata bakwai ba a sa ba, wandunan maza sun tsaya a ƙwauri. Iyaye mata sun kewaye su. Khaulat tana gaba, ta riƙe takalminta a hannu don kada ya ɓaci, tabon nan ya raba mata gira biyu. Arɗo yana tsaye da malafarsa, ya harɗe hannu a kan sanda, Malam Bubayero a gefensa da rajista.

Na durƙusa na gaishe shi. Muka jira. Bakwai ta yi, ta wuce da kwata, ta kai da rabi. Ina ta kallon hanyar gari kamar ban san Baffa yana can yana saka babbar riga zai tafi Dutse ba. Na yi ta addu'a ko ɗansa ya turo. Ba kowa.

"'Yata," in ji Arɗo, "ina mutumin gari?"

"Baba, a ƙara haƙuri kaɗan. Ko ni in shiga gaba."

"Ke baƙuwa ce. Wanda ya jefe ki, gobe ya manta. Ba haka muka yi da ke ba." Ya juya ya yi wa matan magana da Fulatanci. Ban iya yaren sosai ba, amma na ga sun fara kama hannun yaransu. Khaulat ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, kallo kawai ta yi min, irin na wadda dama ta san manya ba sa cika alkawari.

Na juya don kada ta ga fuskata, sai idona ya sauka a kan wata mota ruwan toka, an ɓoye ta a bayan kuka can bakin titi. Ko a mafarki na san motar nan.

Ashe zuwa ya yi ya kama ni. Saƙon ya ce gindin tsamiya ƙarfe bakwai, shi ne ya yi sammako ya zo ya gani da idonsa kafin manya su zauna.

"Baba, minti biyar!" na ce da Arɗo, na tattare zanina na nufi motar. Na ƙwanƙwasa gilashi. Ya sauke a hankali. Farar shadda ce a jikinsa sabuwa fil, aikin wuya ruwan gwal, hula zanna, agogo yana walƙiya, shigar sa rana sosai.

"Ka zo ganin rakiya?"

"Zakiyya, ni dai..."

"Ga ta can. Ka ƙirga su, arba'in da ɗaya ne, duk samarina ne. Wancan mai rajistar shi ne kishiyar taka. Tsohon can shi ne Baban da ya amince. Ka gani?"

Ya kasa haɗa ido da ni. "Na gani."

"To fito."

"In yi me?"

"Baffanka ya gudu da alkawari. Jinin gidan Mai Unguwa ake nema, kai ma jinin ne. Ko ka fito ka shiga gaba, ko ka tayar da motarka, kada ka kuma sake taka layinmu."

Ya dubi burtalin, taɓo ne har inda ido ya tsaya, kofaton shanu ya dama shi. Ya dubi takalminsa sau-ciki mai sheƙi. Na rantse muku sai da ya dubi takalmin. Sannan ya buɗe ƙofa.

Arɗo ya ƙare masa kallo daga hula har ƙasa.

"Wannan ba ɗan Zailani ba ne? Kunnuwan ubansa ne sak. Tare muka yi iyo a kududdufin garin nan da ubanka, kafin ya zama Alhajin birni." Ya gyaɗa kai. "Ya isa. Shiga gaba, ɗan birni. Ka yi a hankali, ƙasar tamu ba ta san shadda ba."

Matan suka kwashe da dariya. Muka kama hanya.

Taku goma bai yi ba takalmin dama ya maƙale, ya zaro ƙafa da safa kawai. Ya sunkuya zai ciro, hular ta faɗa. Wata tsohuwa ta ce da shi da Hausarta mai karkata, "Ango, cire ɗayan ma, ka huta." Ya cire. Ban taimaka masa ba, ban kuma yi dariya ba, don idona yana kan gonaki.

A daidai inda aka jefi Khaulat muka same su. Samari biyar a bakin gona, sun dogara da fartanya, ba noma suke ba. Ɗaya ya ɓoye hannu a bayansa. Surutun yara ya ɗauke ɗif. Na ji an damƙe gefen hijabina, Khaulat ce. Ban rage tafiya ba. Abdulrauf ya tsaya cak, ya waiwayo ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ga tabon. Ina jin a lokacin ne labarin da na yi wata da watanni ina ba shi ya shiga kunnensa.

Ya juya gare su, ƙafa ba takalmi, taɓo har gwiwa.

"Kai Mu'az! Ba gaisuwa?"

Mai ɓoye hannun ya zaro ido. "Yaya Abdul? Kai ne? Me kake yi a cikin..."

"Makaranta zan kai ƙannena. Mene ne a hannunka?"

Sai muka ji abu ya faɗi a cikin ciyawa, tim.

"Ba komai, Yaya. Sannunku da zuwa."

Muka wuce. Ba wanda ya waiwaya.

Takwas da rabi hedimasta ya hango mu, ya rarumi ƙarfe ya dinga dukan tsohon wilin motar da suke ƙararrawa da shi kamar ya samu taɓin hankali. Mai hoto har ya fara naɗe farin ƙyallensa, ya sake baza shi a jikin bango. 'Yan aji shida suka yi layi. Da aka zo kan Khaulat ta jawo hijabi ta rufe girar. Na ce, "Ɗaga shi, 'yar ƙanwata. Bar shi ya fito." Ta ɗaga. Aka ɗauka. Goma sha ɗaya cif, na ƙirga da bakina.

A bakin ƙofar makaranta na same shi zaune a kan kututture, takalmi ɗaya a hannu, shaddar nan ta koma kalar kunun kanwa.

"Gimbiya, ki yafe min. Wallahi ban sani ba."

"Ka sani. Ji ne ba ka yi ba."

"Zan sa Murja ta goge, ta ba ki haƙuri."

"Ta goge daga waya. Daga kan mutum saba'in fa, da me za ta goge?" Na dube shi sosai, kuma haushin kaina ya kama ni, don a cikin taɓon nan ya fi yi min kyau a kan duk ranar da ya zo da ƙamshi. "Ka ce rakiyarka ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. Yau ka samu ta kilomita uku. Sai ka daina ƙorafi."

Wayata ta yi ƙara. Abba.

"Zakiyya, baƙi sun iso. Ga Alhaji, ga Mai Unguwa. Suna tambayar takarda, suna kuma tambayar rana. Me zan ce musu?"

Ta tagar aji ina jin yaran suna bin malami karatu, muryoyin sun yi yawa har ɗakin yana amsawa. Yau sun shigo. Gobe fa? Jibi fa? Shadda ɗaya ba za ta raka su har ƙarshen zango ba.

"Abba, ka gafarce ni. Takarda babu, ba kuma za a yi ta ba. Rana kuwa na sa. Gobe Talata, ƙarfe bakwai, gindin tsamiya. Wanda ya ce rakiya biyu ake yi ya zo ya janye maganarsa a gaban Arɗo da duk wanda ya ji ta, sannan ya shiga gaban yaran nan kamar yadda ya yi alkawari, kullum har a yi hutu. In an yi wannan, a zo a yi maganar ɗaya ranar. In ba a yi ba, a ba su goronsu."

Abdulrauf ya miƙe tsaye, takalmin ya suɓuce daga hannunsa.

Na ƙara manna wayar a kunnena. Sai na jiyo salatin Gwaggo daga nesa, na kuma ji Abba, cikin muryar nan tasa ta aji, yana cewa, "To, Alhaji, kun dai ji da kunnenku."

Ashe tun farko a buɗe ya sa muryar wayar, a tsakiyar falo.

Aka yi gyaran murya, irin wadda na sani tun ina durƙuso a ƙofar gidansa.

"Malam," in ji Baffa Gwadabe, "miƙo min wayar nan."